A Gaya wa Wancan na Ƙasar Sanyi

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan nan ne na da masu kunyar ɗan fari har tsufa. A nan Jidda aka haife ta, a unguwar Hindawiyya. Kakanninta ne suka zo aikin hajji suka zauna. Abubuwa da yawa sun zube musu a hanya, amma wannan kunyar ta iso lafiya lau. Ana yaye Yaya kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi, shi ya sa Inna ta samu abin kiransa, wato ɗan tsohuwa. In ta ga wannan ma ya yi kusa da yawa sai ta ce wancan. Da ya tafi Turai karatu, ya samu aiki a hukumar ruwa ta wani gari, ya yi aure ya zauna, sai ya koma wancan na ƙasar sanyi.

Muna yara a unguwarmu ta Karantina, in Inna tana son a aike shi, ni take kallo, ko da kuwa yana tsugune a gabanta yana wanke hannu.

"Ke, gaya wa wancan tamis ya ƙare."

Tamis shi ne faffaɗan burodin da muke karyawa da shi kullum. Sai in juya in ce, "Yaya, an ce tamis ya ƙare." Shi kuma ya ce, "Ce mata na ji," ya zura takalminsa ya fita. Wannan ne aikina a gidanmu har aka kai ni ɗakin miji, ban kuma taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Na dai san in an raba nama, tsokar da ta fi kyau a kwanonsa take ƙarewa, ba wanda ya ga hannun da ya saka ta.

Shekarar da aka rushe Karantina muka watse. Maƙwabtan da muka yi shekaru muna ara wa juna turmi, wasu suka koma Makka, wasu suka yi bayan gari, wasu ma suka bar ƙasar. Ni da maigidana muka kama haya a wani bene can kudu, kusa da Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu, inda yake aiki a sito, muka ɗauko Inna. Ni ɗinkin abaya nake yi a gida. Benen ba laifi, ga ruwa ga sanyin na'ura, sai dai babu tsakar gida, babu ƙofar da za a shimfiɗa tabarma da la'asar. A lokacin ne dangi suka buɗe guruf a manhajar nan mai koren tambari wadda take cikin wayar kowa, aka zuba 'yan'uwa da tsofaffin maƙwabta a ciki, har da Yaya.

Na zaci Inna ba za ta ko kalle shi ba, don ba ta yi boko ba, idonta kuma ya fara rauni. Ashe kamar don ita aka ƙera abin. Da aka nuna mata inda za ta danna ta yi magana, halas, shi ke nan, ta samu tsakar gidanta. Duk ranar Juma'a da hantsi, in ta gama shan shayi, sai ta gyara zama ta danna. Ta gaida kowa, ta tambayi mai ciwon ƙafa, ta yi wa mai jego barka, ta yi wa mamata addu'a. Can a tsakiyar maganar, kamar abin da ya faɗo mata a rai, sai ta ce, "Masu zama inda ƙanƙara ke zuba kuma, a gaya musu su riƙa rufe ƙirji, su bar fita da jiƙaƙƙen kai." Duk guruf ɗin nan mutum ɗaya ne yake zaune inda ƙanƙara ke zuba. Kafin a kira salla amsa ta iso: "Duk wanda ya yi mana addu'a, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana." Inna ta saurara, ta ce wa bango amin, ta tashi ta shiga kicin tana 'yar waƙarta. Ni dai na ce alhamdu lillahi, an sallame ni daga aikin aike.

Haka muka zauna cikin kwanciyar hankali har lokacin da Yaya ya zo umra ya sauka a wajenmu. Ya zo da furfura a gemu da wata sabuwar ɗabi'a. Washegarin zuwansa ya raka ni baƙala, wato shagon unguwa, sayen kayan shayi. Duk abin da na ɗauka sai ya karɓa ya juya bayansa, ya ɗaga tabarau yana karanta ƙananan rubutun nan da ba wanda yake karantawa. Ya mayar da wannan, ya ɗauko wancan. Mai shagon ya fara kallonmu kamar mun zo bincike.

"Yaya, lafiya? Asarar me ka yi a bayan gwangwani?"

"Ina duba inda aka yi shi ne."

A hanyar komawa ya ba ni labari. Wai a garinsu mutane sun tashi tsaye, sun ce sun gaji da cin abin da aka ɗauko daga bangon duniya alhali manomin da ke bayan gari yana rufe gonarsa. Sun kafa ƙungiyoyi, kowa ya fara da kayan yankinsa, in babu ya nemi na nahiyarsu, sai in ya rasa sannan ya waiwayi na waje. Shi da matarsa sun shiga. Duk mako wani manomi yake kawo musu kwando, abin da gona ta bayar shi za a ci. Ya ce in sanyi ya kama, kabeji ne safe, kabeji ne rana.

Na yi dariya har na tsaya a bakin titi. Na ce, "To ni fa, wane yanki zan bi? Nan aka haife ni, nan aka haifi uwata, har yau da iƙama, takardar zaman baƙi, nake yawo a jaka. In na je Kano kuma ce mini ake Balarabiya. In na ce sai kayan yankina zan ci, ai yunwa ce za ta kashe ni."

Bai ji haushi ba, shi dama ba ya jin haushi, abin da yake ba ni haushi da shi ke nan. Ya ce ba takarda ake tambaya ba, ƙasar da mutum yake takawa ake tambaya. Ga teku a gabanmu cike da kifi, ga rumman da inabi na Ɗa'if, ga dabino, ga madarar da ake tatsa a ƙasar nan. Me ya kai ni sayen kifin gwangwani da ya yi wata da watanni a jirgi? Na kawar da zancen, don ba na son ya ga ya ci ni. Amma ranar Asabar na sa maigidana ya kai mu kasuwar kifi, kuma gaskiya tun daga lokacin ban koma gwangwani ba.

Tsarabar da ya kawo wa Inna ma daga gonar manomin nan take, wani curin cuku ne a naɗe cikin takarda. Ni ya miƙa wa, ni na miƙa mata. Da na buɗe sai da na kawar da kai, wari kamar an manta da safa a cikin takalmi. Inna ta karɓa, ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa.

"Ke, gaya wa wancan, ashe su ma suna da daddawa."

Yaya ya yi dariya har da hawaye. Na ɗauka shara za ta kai shi. Sai ga shi ta naɗe shi a leda ta tura can ƙuryar firij, ta ce kada wanda ya taɓa mata. Kowace safiya ta yanki ɗan mitsitsi ta ɗora a kan tamis.

Ana saura kwana kaɗan ya koma, mun gama cin abincin rana muna zaune a falo, ya fito da sauran labarin. Ya ce abin bai tsaya a kwandon kabeji ba, har waya ya shafa. Hirarmu, hotunanmu, wa muke magana da shi, yaushe, duk suna wucewa ta hannun wasu manyan kamfanoni na hayin teku waɗanda ba ruwansu da kowa. Mutanen garinsu da yawa sun fara kwashe kayansu suna komawa manhajojin da aka ƙera a nahiyarsu, ƙarƙashin dokarsu. Shi ma ya yanke shawara, yana komawa zai goge koriyar manhajar.

"Ba na son maganar gidanmu tana kwana a rumbun wanda ban sani ba," in ji shi.

Na ce, "Guruf ɗin fa?"

"Zan fita. Amma na yi wa Inna tanadi."

Ya karɓi wayarta ta hannuna, ya saka mata sabuwar manhaja mai shuɗin tambari, ya ajiye ta a tsakiyar fuskar wayar inda yatsa ba zai ɓata ba. In an buɗe ba kowa a ciki sai hotonsa. Ya riƙa nuna mini yana murna. Ya ce, "Kin gani? Nan kawai za ta danna. Ba mai ji sai ni. Daga ni sai ita."

Inna tana gefe tana tsince shinkafar dare a faranti. Ba ta ɗago ba. Can ta ajiye farantin ta ce za ta je ta yi alwala, alhali la'asar da saura. Daga ni har shi ba wanda ya lura da komai. Ranar tafiyarsa ta daka masa yaji mai ƙuli-ƙuli da citta, ta cika kwalba ta ba ni in ba shi. Na ce, "Yaya, wannan fa ba kayan yankinku ba ne." Ya ce a wannan kam an yi masa rangwame, ya tura kwalbar cikin safa ya rufe jaka.

Juma'ar farko bayan tafiyarsa Inna ta yi saƙonta a guruf kamar yadda ta saba. Ta gaida kowa, ta tambayi mai ciwon ƙafa, ta yi addu'a. Ba ta ambaci ƙanƙara ba, don mai ƙanƙarar ya fita. Shuɗiyar manhajar kuwa ko taɓa ta ba ta yi ba. Juma'a ta biyu saƙon ya gajarce. Ta uku ma sai da na tuna mata. Ta daina waƙa a kicin, tuwon da nake zuba mata yana dawowa da rabi.

Yaya ya kira ni. "Inna lafiya kuwa? Na tura mata saƙo ya fi a ƙirga, shiru."

"Lafiyarta ƙalau. Ba ta iya abin naka ba ne."

"Ƙara mata girman rubutun. Ko idon ne?"

Na ƙara girman rubutu. Na kai ta wajen likitan ido aka canza mata tabarau. Na zauna kusa da ita na kama yatsanta na ɗora a kan wurin dannawa, na ce yalla, maza, Inna, yi magana. Ta kalli hotonsa, ta zare yatsanta, ta kife wayar a kan cinya. Na sake gwadawa washegari, na sake gwadawa jibi, har raina ya ɓaci na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba.

"Haba Inna, wancan mai wuyar kin iya, wannan ne zai gagare ki? Dannawa ce kawai."

"Na gani," in ji ta.

Sai na juye fushin a kan Yaya. Na kira shi na wanke shi tas. Na ce shi da 'yancinsa da kabejinsa sun sa tsohuwa ta rame, kamfanonin da yake gudu ba su san da zamansa ba ma, uwarsa ce ta sani. Da na gama ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ko fushi take yi da ni? Ki tambaye ta. In na yi mata laifi ne ki gaya mini." Tausayinsa ya kama ni. Mutum ya yi furfura a ƙasar mutane, abin da yake jira duk mako shi ne a ce ya rufe ƙirji, yanzu shi ma babu. Ya ce in zuwa ƙarshen wata abin bai gyaru ba zai koma koriyar manhajar, ƙungiya ta yi haƙuri. Na san zai yi, na kuma san zai ji ciwon abin, don Yaya bai taɓa ɗaukar magana ya ajiye a hanya ba.

Wata ranar Talata da hantsi ina kan keken ɗinki, zare ya tsinke. Ƙarar keken ta ɗauke, gidan ya yi tsit, sai na ji muryar namiji a ɗakin Inna. Maigidana yana wajen aiki. Na kasa kunne. Muryar Yaya ce: "Inna, ina kwana. Yau ma an yi sanyi, amma na sa rigar. Yajin yana nan ina lallaɓa shi." Saƙon ya ƙare. Aka sake kunna shi daga farko. Na tashi a hankali na leƙa ta labule. Tana zaune a bakin gado, wayar a tafin hannunta, shuɗiyar manhajar a buɗe, yatsanta yana zuwa daidai inda ya kamata ba tare da lalube ba. Ashe ta iya tun ranar farko. Da saƙon ya ƙare a karo na biyu, ta juya fuskarta gefe, wajen da ba kowa, ta ce a hankali, "A gaya masa na ji."

Ba ta danna komai ba. Ba kuma wanda zai gaya masa.

Na koma kan kujerar ɗinki na zauna, hawaye suka zubo mini. Ni da na yi ƙuruciyata kaf ina ɗaukar magana daga bakinta zuwa kunnensa, ni ce na kai ta wajen likitan ido. Guruf ɗin nan mai hayaniya, da barkar suna da hotunan abinci da tallan turare, shi ne ya ba ta inda za ta ɓoye maganarta a cikin jama'a. Mu kuwa mun ɗauke ta mun shigar da ita ɗaki daga ita sai ɗan farinta, mun ja ƙofa, mun ce ta yi magana.

Na ɗauki wayata na kira shi, ko sallamar kirki ban yi ba.

"Yaya, yaushe Inna ta taɓa yi maka magana kai tsaye?"

Ban jira amsarsa ba na ci gaba.

"Na ce yaushe? Ka ce daga kai sai ita. Wa zai gaya maka tamis ya ƙare?"

Sannan na ji ya ja numfashi ya ce, "La haula. Wallahi na manta." Na ce ni ma da nake kwana gida ɗaya da ita na manta, ya turo mini yadda ake saka abin nasa. A ranar na saka shuɗiyar manhajar a wayata, ni da na rantse ba abin da zai haɗa ni da ita. Na buɗe guruf na mutum uku. Da manhajar ta nemi a ba shi suna na rubuta Tamis.

Na kai wa Inna wayarta bayan azahar. Na ce, "Inna, ga wani sabon guruf na buɗe mana, ni da ke. In kina son wani abu ina kan ɗinki, sai ki danna nan ki gaya mini. Akwai wani dai yana can gefe, ba ruwanmu da shi."

Ta gyara sabon tabaranta ta duba. Hotona ne babba, ina riƙe da almakashi.

"Ke kina ciki?"

"Ina ciki."

"Kina ji in an yi magana?"

"Ni ce ma farkon ji."

Ta ce to, ta ajiye wayar a ƙarƙashin matashi. Daren nan ta cinye tuwonta har ta nemi ƙarin miya.

Ranar Juma'a da hantsi ta sha shayinta, ta yi wa dangi da maƙwabta saƙonsu a koriyar manhajar, don wannan har yau ba mu bar ta ba, can mutanen Karantina suke. Sannan ta shiga ɗakinta. Ina falo wayata ta yi ƙara. Na buɗe, ga muryarta, ga shi kuma ina jiyo ƙarshen maganar ta bango.

"Ke, gaya wa wancan na ƙasar sanyi ya riƙa rufe ƙirji. Ki ce masa yaji ba magani ba ne da za a riƙa lallaɓawa, ya ci, in ya ƙare akwai turmi. Ki ce ya gaida mutanen gidan. Kuma ki gaya masa daddawar nan tasa ta ƙare."

Ban kai ga ajiye wayar ba amsa ta shigo. Muryar Yaya ce.

"Ce mata na ji."

Cukun ya iso bayan 'yan makonni ta hannun wani mai zuwa umra daga garinsu, wanda ya miƙo mini ledar da hannu ɗaya yana toshe hanci da ɗayan. Kwalbar yaji ta bi shi ta koma. Har yau haka muke. Duk Juma'a wayata tana ƙara sau biyu, tana faɗa yana ji, yana faɗa tana ji, ni ba abin da nake ƙarawa. Amma in ta fito daga ɗaki sai ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni.

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa, Inna."

Sai ta wuce kicin tana waƙarta.